Shekara guda a kulle a Manchesta: in tattara in koma gida ko in zauna?

Dattijon Manchesta (Asabar, 20 ga Fabrairu 2021)

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina karanta ku ban tofa ba, yau dai abin ya ci ni.

Shekarata 71. Na zo Ingila a 1988 da niyyar karatun shekara uku, sai ga shi na ɓige da aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti har na yi ritaya a 2017. Tun da na ajiye aiki na yi wa kaina tsari: da zarar an mayar da agogo baya a ƙarshen Oktoba, ni da uwargida sai Kano, mu sha hunturunmu na gida, sai Maris mu dawo. Bara mun sauka ranar 10 ga Maris. Bayan kwana goma sha uku Firayim Minista Boris Johnson ya fito a talabijin ya ce kowa ya zauna a gidansa saboda annobar korona. Yanzu ga mu a kulle na uku.

Ga yadda yinina yake. In yi asuba a ɗaki, ni liman uwargida mamu. In kunna shirin safe na BBC Hausa. Wajen ƙarfe goma in naɗe kaina kamar gammo in fita lambun shaƙatawa na Platt Fields in zaga tafkin sau biyu, ni da agwagi da wasu tsofaffin Turawa da muke ɗaga wa juna hannu daga nesa. Cefane ɗana ke saya ta intanet a ajiye mana a ƙofa, direban ya buga ya ja da baya kamar gidan kuturu. Katin bas na kyauta da ake ba tsofaffi yana cikin aljihun wata kwat, na manta ma wacce. A Disamba kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi, sai dare ya zame maka kamar bashi.

Ba yunwa, ba rashin magani, fansho yana shigowa a kan lokaci. Abin da na rasa mutane ne. Masallacinmu a buɗe yake yanzu, amma sai ka yi rajista, ka yi alwala daga gida, ka riƙo daddumarka, sahu kuma da tazara kamar an shuka dawa. 'Yata ma ta rantse ba zan je ba saboda ciwon suga. A Afrilun bara yayana ya rasu a Kano cikin mace-macen nan da aka yi ta yi a garin. Ban yi masa salla ba, ban ɗauki makararsa ba, ban zauna a tabarmar makoki ba. Gaisuwa ta waya na karɓa, ina zaune a kicin.

To ku ba ni shawara. Zuciyata tana ce mini in an buɗe hanya in sayar da gidan nan in koma gaba ɗaya. Me kuka gani?

Ɗan Fagge

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba babba. Baba wallahi ka dawo. Nan rayuwa ta ci gaba tun tuni, Kantin Kwari a cike, Singa a cike, ɗaurin aure duk Asabar. Takunkumi sai in za ka shiga banki, shi ma a haɓa. Ku ne dai can kuka ɗauki abin da zafi. Ni har yau ban ga mutum ɗaya da idona da aka ce korona ce ta kashe shi ba. Zazzaɓi ne da zafin azumi.

'Yar Nas a Bamingam

Ɗan Fagge, don Allah ka daina faɗar haka a gaban wanda ya rasa ɗan'uwansa. Ni na gani da idona, har na gaji da gani. Ranar 26 ga Janairu waɗanda korona ta kashe a ƙasar nan suka haura dubu 100. Cikin likitocin farko da cutar ta ɗauka har da namu, Dakta Alfa Sa'adu, Galadiman Pategi, shekararsa 68, ya yi ritaya amma bai daina zuwa duba marasa lafiya ba. Kuma maganar Kano, ministan lafiya Osagie Ehanire da bakinsa ya ce mutum 979 suka rasu a watan Afrilu a ƙananan hukumomi takwas, kuma rabi ko fiye da rabi ana danganta su da korona. In ba ka yarda da minista ba, je maƙabartar Dandolo ka tambayi masu haƙa kabari.

Baba, ina wuni. Ni abu biyu zan tuna maka, ka san su amma zuciya in ta tashi mantuwa take sa wa. Na farko, fanshon gwamnatin Ingila za su ci gaba da turo maka ko kana Kano, amma daskarewa zai yi a kan abin da kake karɓa ranar da ka tafi. Ƙarin da ake yi duk Afrilu ba ya bin wanda ya koma Najeriya. Na biyu, asibiti kyauta na mazauni ne, ba na mai fasfo ba. In ka kwashe kayanka gaba ɗaya, ka dawo neman magani bayan shekara biyu, za su iya miƙo maka takardar biya. Mai suga ɗan shekara 71 ya yi wannan lissafin da kyau.

Ɗan Fagge

Anti Nas ki yi haƙuri, ban yi nufin cin fuska ba. Baba a yafe ni.

Dattijon Manchesta

Ba komai ɗana. Da ma wanda bai ɗanɗana ba shi ke cewa tuwon bai da zafi.

Hajiya Hedimistires (Huston)

Salamu alaikum. Alhaji, ya ƙarin haƙuri? Allah Ya sa ya huta.

Ni yau ne ma na samu na yi cajin waya yadda ya kamata. Kun ji abin da ya same mu a Teksas makon nan? Tun daren Litinin wuta ta ɗauke, ƙanƙara ta rufe ko'ina, bututun ruwa suka farfashe, aka ce ko ruwan famfo sai an tafasa. Da me za a tafasa? Surukina injiniya ne guda, amma tsaye ya yi yana kallon murhun lantarki kamar zai yi masa magana. Ni ce na sa aka fito da abin gashin nama a bayan gida, na hura gawayi, na dafa ruwa, na dama wa jikoki kunu. Na ce musu shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a ƙasar da in wuta ta zo yara ke ihu. Ranar dai na zama mutum a gidan.

Na faɗi haka ne don wata guda kafin nan ba ni da wani aiki sai gadin jikoki a gaban kwamfuta suna karatu ta Zoom. Malama tana magana, yaro yana kwance a ƙarƙashin tebur da kyanwa. Ni da na riƙe makaranta mai ɗalibai sama da dubu, hannuna har ƙaiƙayi yake. An ce mini nan ba a ko ɗaga murya. To.

Amma maganar komawa, Alhaji, kai da fam kake karɓa ka gode Allah. Ni fanshona na naira ne, dubu 90. Farkon bara in na canza yana ba ni dala 250, yanzu da dala ta haura 470 a kasuwa ko 190 ba ya cikawa. Katin bankin ma sun ƙayyade, dala 100 a wata, ko kana da miliyan a ciki. Sannan a tsakiyar annoba jiharmu ta tashi tantance 'yan fansho, wai sai mutum ya zo da ƙafarsa a ga fuskarsa, alhali filayen jirgi a rufe suke ga jiragen waje tun 23 ga Maris, ba a buɗe ba sai 5 ga Satumba. Na aika takardu, na aika hoto, na yi bidiyo ina riƙe da jaridar ranar kamar wadda aka yi garkuwa da ita. Wata biyar ba ko kwabo. A takarda na mutu.

Tambaya ɗaya: ka tambayi Hajiya uwargidanka? Duk rubutunka "zuciyata" na gani, ban ga tata ba.

Dattijon Manchesta

Hajiya kin kama ni. Zan dawo kan wannan.

Alhaji na Jidda

Assalamu alaikum. Yaya, kai ka rasa masallacin unguwa. Ni bari ka ji nawa.

Da na bar aikin gwamnati na zo na zauna wajen ɗana likita a nan Jidda, ba don komai ba sai don Harami. Kusan kilomita 80 ne tsakaninmu da Makka. Duk daren Juma'a sai in bi mota in yi ɗawafi in yi asuba in dawo. Na ce shi ke nan, na sami inda zan ƙarasa kwanana. Sai aka tsayar da Umara, ƙarshen Fabrairu ga baƙi, farkon Maris har mu mazauna. Ranar da na ji ladan ya ce "sallu fi buyutikum" a cikin kiran salla, wato ku yi salla a gidajenku, wallahi zama na yi a ƙasa. Na sha karanta shi a littafi, ban taɓa zaton kunnena zai ji ba. Daga nan dokar hana fita ta awa ashirin da huɗu, wanda aka kama tarar riyal dubu 10. Azumi ya zo, muna kallon tarawihi a talabijin, filin ɗawafi fayau, sai tsuntsaye.

Hajji aka yi da 'yan tsiraru mazauna ƙasar, kuma wanda ya wuce 65 ba ya ciki. Da aka buɗe Umara a Oktoba ta manhajar I'itamarna, nan ma aka ce daga 18 zuwa 65. Ni 68. Shekara uku kacal suka tsaya tsakanina da Ka'aba, ina jin ƙanshinta.

Rayuwa kuma ta yi tsada. Harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 tun Yuli, kuɗin da ɗana ke biya a kaina saboda igama, wato takardar zama, ya kai riyal 400 duk wata. Ko kanti ba ka shiga sai ka nuna manhajar korona ta Tawakkalna a waya, ni kuma yatsana da wayar nan ba sa jituwa. Amma gaskiya ɗaya ce, Sarki Salman ya ba da umarni a yi wa kowa maganin korona kyauta har da marasa igama, kuma hakan ya ceci 'yan'uwanmu takari da yawa da suke tsoron asibiti kamar ofishin 'yan sanda.

Shawarata, kar ka sayar da gida cikin ɓacin rai. Ni ban sayar da nawa na Katsina ba, kuma bara na gane dalili.

Ɗan Tawa a Liyon

Salamu alaikum dattawa. Ni daga Tawa nike, na zo Faransa tun 1976, na yi aikin masana'anta har ƙarfi ya ƙare. Iyalina duk suna gida. Ni ina gidan haya na tsofaffin ma'aikata baƙi, ɗaki guda, madafa ɗaya mu da yawa, Larabawan Aljeriya da Maroko da mutanen Mali da Senegal.

Kulle na farko, daga 17 ga Maris zuwa 11 ga Mayu, ko burodi za ka saya sai ka rubuta wa kanka takardar izini ka sa hannu. Kai ne mai roƙo, kai ne mai ba da izini. Awa guda, kilomita guda, in ba takarda yuro 135. Rabin mutanen gidanmu ba su karatu, ni ne na zama magatakarda, kullum da safe layi a ƙofata. Yanzu kuma ƙarfe shida na yamma kowa ya shige.

Abin da ni ke son in ce, Alhaji, game da mutuwa ne, don na san shi ke cikin ranka ko ba ka faɗa ba. Mu nan kowane tsoho yana zuba kuɗi a asusu shekara da shekaru don in ya mutu a kai gawarsa gida. Da annoba ta zo aka rufe iyakoki, ba jirgin kai gawa. Wanda korona ta kashe doka ta hana a yi masa wanka, sai a sa shi a akwati nan take. Ɓangaren Musulmi a maƙabartu ya cika. Maƙwabcina na ɗaki, shekara ashirin muna shan shayi tare, sai a wani gari nesa munka samo mishi wuri. Kuɗin da ya tara na jirgi suna nan ba su kai shi ko'ina ba.

Ni kam ba ni da matsalar Hajiya, sefa a ɗaure take da yuro, 655 da 'yan kai, ba ta motsi. Tawa matsalar ita ce tallafin tsufa da ake cika mini fansho da shi, sai ka zauna Faransa wata shida a shekara, in ka wuce a gida su yanke, har su ce ka maido. Haka mu ke, ƙafa guda nan ƙafa guda can. Gobe ma zaɓen shugaban ƙasa zagaye na biyu a gida Nijar, Bazoum da Mahamane Ousmane, mu na waje ba mu jefa ƙuri'a, an ce korona ta hana a yi mana rajista.

Malamin Zaure

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Alhaji, hadisin sananne ne, yana cikin Buhari da Muslim: in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in ta faɗo kuna ciki kada ku fita don gudunta. Sayyidina Umar ma da ya nufi Sham ya ji labarin annoba juyawa ya yi, da aka ce masa gudun ƙaddara yake, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Zamanka a ɗaki da wannan niyya ibada ce, kuma wanda uzuri ya hana shi abin da ya saba ana rubuta masa ladansa. Batun inda za a binne mutum kuwa, ƙarshen Suratu Luƙman ya gama magana: rai bai san a wace ƙasa zai mutu ba.

Dattijon Manchesta

Na gode Malam. Na san ayar, amma ɗan Tawa ya taɓo inda ke mini ciwo. Duk sanda na wuce maƙabartar Southern Cemetery a mota sai in kau da kai. A farkon annoba ma har tsoro ya shiga mutane cewa dokar gaggawa za ta ba hukuma damar ƙona gawa, sai da 'yar majalisa Naz Shah ta Bradford ta tashi tsaye aka gyara. Ka ga irin abin da tsoho ke kwana da shi.

Kuma ban ba ku labarin Babbar Salla ba. Uwargida ta kwana biyu tana aiki, waina, sinasir, miyar taushe, an yi odar rago wajen mahauci a Cheetham Hill, yara za su zo daga Lids da Landan. Daren Salla, 30 ga Yuli, wajen ƙarfe tara, sai sanarwa ta fito cewa daga sha biyun dare an hana shiga gidan juna a Manchesta da kewaye. Mu biyu muka zauna gaban abincin mutum goma sha biyar. Har maƙwabcinmu Bature sai da ya ci waina kwana uku.

Ɗan Fagge

Baba tambaya, ba musu ba. An yi maka allurar rigakafin korona? Don mu nan mutane tsoro suke. Ba a manta abin da Pfizer ta yi a Kano ba.

Dattijon Manchesta

An yi mini ta farko ƙarshen Janairu, a wajen wasannin Etihad. Hannu ya yi tsami kwana biyu, shi ke nan. Tsoron kuwa ban raina shi ba. A 1996 lokacin sanƙarau an gwada maganin Pfizer mai suna Trovan a kan yara, cikin 200 da ke gwajin 11 suka rasu, wasu suka nakasa, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Amma ni aikina ke nan shekara kusan talatin, ka duba wa aka fara yi wa. Wata tsohuwar Baturiya ce 'yar shekara 90 a Kobantiri, ranar 8 ga Disamba. Sarauniya da mijinta an yi musu a Janairu. Mutum miliyan 15 aka yi wa zuwa makon jiya. Wannan karon da kansu suka fara, mu ne ma ko kwalba ɗaya ba ta iso Najeriya ba tukuna. Abin da ya kamata ka yi fushi a kai ke nan.

Malam, ta biyun za ta faɗo ƙarshen Afrilu, cikin azumi. Ya hukuncinta?

Malamin Zaure

Allurar da ake yi a dantse ba ci ba ce ba sha ba, ba ta karya azumi, a kan haka mafi yawan malamai suke. Kai da ke da suga ma, azumin awa goma sha shida da ɗoriya na ƙasarku ya fi allurar buƙatar ka zauna da likitanka.

'Yar Nas a Bamingam

Malam ya faɗa mini abin da nake jin nauyin faɗa. Kuma Baba, ko ka so tafiya yau doka ba ta bari sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ranar Litinin Firayim Minista zai bayyana yadda za a sassauta, mu jira mu ji. Can ma sai gwaji kafin ka tashi, wani gwajin rana ta bakwai da kuɗinka, kuma filin jirgin Malam Aminu Kano har yanzu ba ya karɓar jiragen waje. Sai ka sauka Abuja ka san yadda za ka yi da hanyar Kaduna.

Hajiya Hedimistires (Huston)

Alhaji muna jira fa. Me Hajiya ta ce?

Dattijon Manchesta

Na miƙa mata wayar ta karanta tun daga sama, ta yi dariyar gawayinki har da hawaye. Sannan ta ce ni in na koma Kano majalisa zan samu a ƙofar gida daga la'asar zuwa isha, ita kuwa ɗaki za ta koma ta zauna, jikokinta shida duk suna nan, ƙaramar ma an haife ta a Nuwamba ba ta taɓa ɗaukarta ba sai ta gilashin mota. Ta ce shekara talatin da uku tana bina, wannan karon in bi ta. Gida ba za a sayar ba. In an yi mana ta biyu kuma hanya ta buɗe, in je ni kaɗai in yi wata biyu in ga marayun yayana in dawo.

Ban ce na yarda ba, na dai ce to.

Ɗan Tawa, turo mini lambarka ta gefe. Bayan la'asar ba ni da abin yi, kai ma ƙarfe shida an rufe ka.

Ɗan Fagge

Baba, a Dandolo aka sa shi? In haka ne ranar Juma'a bayan an sauko zan shiga in yi masa addu'a a madadinka, in kira ka ta bidiyo ka gani.

Dattijon Manchesta

A can ne. Sai dai ni kaina ban san kabarin ba, ranar an binne mutane da yawa kuma ba a sa alama ba. Babban ɗansa ya ce ya ƙirga daga wata bishiyar darbejiya, layi na huɗu. Zan haɗa ku, ku je tare. Ka sa takunkumin a hanci, ba a haɓa ba.